Kwalba Ta Uku

Masu karatuna, ku gyara zama, yau ba kuka na zo yi muku ba. Na ga saƙonninku, har da ke baiwar Allah da kika rubuto cewa in yi haƙuri in rungumi ƙaddara. Na gode, amma ki adana min haƙurin nan tukuna, wataƙila in neme shi nan gaba. Yau dai kaina ne ya yi girma, kuma sai kun ji dalili.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: ni ma'aikaciyar lab ce, wato ɗakin gwaje-gwaje, a wani asibiti, shekarata huɗu ina sunkuye a kan madubin ƙara girma ina ƙirga ƙwayoyin da ido ba ya gani. Wanda zan aura mai auna filaye ne, kuma da Safiyo kowa ke kiransa a gidanmu, har Baba. Saura sati takwas aurenmu. Watan da ya wuce ya yi zazzaɓi na kwana biyar ya warke, sai tafin ƙafarsa ta hagu ya fara yi masa wani iri, ya ce kamar yana taka auduga. Mutumin da kullum yana cikin fili yana zagaye da ƙafa, kun san abin ba na wasa ba ne. Likitan jijiyoyi ya ce a ɗebi ruwan bayansa a duba, wato ruwan nan garai-garai da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa.

Ranar da aka ɗiba ina bakin aiki. Nas ta shigo da 'yan kwalabe uku a kan tire, kowace da lambarta a jiki, ɗaya, biyu, uku, yadda suka biyo juna daga allura. Ina ganin sunan da ke jiki na gane na Safiyo ne. A aikinmu ba ka taɓa gwajin naka, don idon da yake so ba ya ƙirga daidai. Na zare safar hannu, na tura wa Doguwa abokiyar aikina tiren, na koma can ƙarshen ɗaki wajen injin jini na ba ta baya. Wallahi wuyana har ciwo ya yi don hana shi waiwaye. Ban tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ce min ƙala ba.

Washegari aka ba shi takarda. Shi kuma bawan Allah, da yake Umma ta kira shi sau uku tana tambayar jiki, sai ya ɗauki hotonta ya tura mata don girmamawa. Umma ba ta gane kan takardar ba, ta tura wa Gwaggo.

Gwaggo yayar Baba ce. Ta yi shekara ashirin tana buga takardu a ofishin wani asibiti kafin ta yi ritaya, tun daga nan take ganin kanta rabin likita. Na dawo daga aiki da la'asar, ko jaka ban ajiye ba na hango takalmanta masu baƙin madauri a ƙofar falo. Tana zaune a kujerar Baba, doguwar riga ruwan ƙasa, mayafi ya zame har kafaɗa, tabarau a kan karan hanci, ta ƙara wa hoton girma da yatsa biyu har ya cika fuskar wayar.

"Sannu da zuwa, Gwaggo."

"Riƙe sannunki. Zo nan. Taurari nawa kike gani?"

"Uku."

"Uku! A takarda ɗaya! Ni na buga takardun asibiti tun kafin a haife ki, tauraro ɗaya ma dangi ake kira."

Bari in gaya muku wani abu game da taurarin nan. Firintarmu mai buga sakamako ba ta da hankali ko na sisin kwabo. An ba ta iyaka, duk lambar da ta haura iyakar ko da da gashi ɗaya ne, sai ta manna mata tauraro a gefe. Wanda ya haura da ɗaya da wanda ya haura da dubu, tauraro iri ɗaya take ba su. Na sha cewa da ni ce mai asibitin da na sa an cire shi, don ya fi ciwon kansa tayar wa mutane da hankali.

"Ciwon ƙwaƙwalwa ne," in ji Gwaggo. "Yau ƙafa, gobe ƙugu, jibi keken guragu. A ɗaga auren nan."

Duk wanda ya san Gwaggo ya san idan ta ce a ɗaga, a fasa take nufi. Umma tana tsaye bakin labule da tsumman goge kwano a hannu, ta yi zuru-zuru kamar wadda aka kama da laifi. Baba bai dawo daga shago ba. Gwaggo ta ce ranar hutuna za ta dawo da hantsi a zauna, a yi wacce za a yi.

Sai da ta tafi na zauna bakin gado na buɗe hoton a nitse. Fararen ƙwayoyi tara, alhali iyakar babban mutum biyar ce. Sinadarin furotin arba'in da takwas, iyaka arba'in da biyar. Sai idona ya sauka layi na uku: jajayen ƙwayoyin jini dubu uku. A can ƙasa kuma, da ƙananan rubutun da ba mai karantawa, an sa "kwalba ta ɗaya".

Na yi tsalle na dire a tsakar ɗaki. Kun ga, idan allura za ta shiga baya wani lokaci takan shafi 'yar siririyar jijiyar jini a hanya, jinin ya biyo ruwan cikin kwalbar farko. Shi kuwa jini da nasa fararen ƙwayoyin yake tafe, da nasa furotin. Muna da lissafin da muke yi: kusan duk jajaye ɗari bakwai, a cire fara ɗaya. Dubu uku, a cire huɗu. Tara ban da huɗu, biyar. Biyar cif, a kan layi!

Na ɗauki waya.

"Safiyo, kana ina?"

"Ina gida, Mai Ƙirga. Na ji Gwaggo ta zo."

"Rabu da Gwaggo. Jinin allura ne. Gobe tare za mu je wurin Likita."

"Kin tabbata?"

"Ni kake tambaya? Ni ina tambayarka faɗin fili?"

Ya turo min hoton dariya guda biyu. Na kwanta ranar ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro lissafi.

Da safe na sa rigata shuɗiya mai ƙananan furanni a hannu, wadda ya taɓa cewa tana sa ni kama da mai hankali, na ɗora farar rigar aiki a kai don Likita ya san da wa yake magana. Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur cike da fayil, hoton ƙashin baya a bango ya koɗe, fanka tana juyi tana ƙara kamar za ta faɗo. Safiyo ya ce wa Likita duk abin da zai faɗa ya faɗa a gabana. Ni kuwa ban ma bari Likita ya buɗe baki ba, na zazzage masa lissafina kaf.

Dattijo ne mai furfura a gira. Ya saurare ni har na kai aya, yana gyaɗa kai.

"Lissafinki daidai ne," ya ce. "Da ɗalibata ce ke da na ba ki maki. Amma kin san lissafin nan kintace ne, shi ya sa na ce a ƙirga kwalba ta uku ma."

Ya zaro wata takarda daga fayil. Ashe Doguwa ta ƙirga duka biyun a ranar, sai dai ta ukun an haɗa ta da gwaje-gwajen da ke ɗaukar kwanaki, ta wuce kai tsaye wurin Likita. Kwalba ta uku ita ce mai tsabta, jinin allura ya riga ya wanke kafin a kai gare ta. Jajaye goma sha biyu kacal. Furotin arba'in da shida. Farare shida.

Babu abin cirewa a nan, ko rabin ƙwaya.

"Shida me take nufi, Likita?" Safiyo ya tambaya.

"Ita kaɗai, ba ta nufin komai tukuna. Ba a samu ƙwayar cuta ba, wannan abin godiya ne. Akwai masu lafiya ƙalau da za a ƙirga a samu shida. Zai iya zama saura ne na zazzaɓin da ka yi, jiki yana share bayansa, ƙafar ta dawo da kanta. Zai kuma iya zama farkon ciwon da ke taɓa rigar jijiyoyi. Da ba ka da wannan ƙafar da na ce ka tafi gida. Da na ga hamsin da na san inda zan dosa. Amma shida da ƙafa, sai mu yi hoton laka da ƙwaƙwalwa, mu riƙa duba ka, in ta kama mu sake ɗiba bayan sati shida."

Sati shida. Auren sati takwas. Muka fito, na raka Safiyo har bakin ƙofar asibiti. Ya ce in koma bakin aiki kada a neme ni, ya tari mota ya tafi.

Da azahar saƙonsa ya shigo: "Idan kin ga ba za ki iya ba, wallahi ba zan ga laifinki ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta magana mai tsawo na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na tura masa: "Ka ci abinci?"

"Ba amsar ba kenan."

"Ita ce amsar. Ka ci ko ba ka ci ba?"

Ranar zama, tun da safe ina kicin ina jera kofuna a kan tire Umma ta shigo ta turo ƙofa. Na riga na gaya mata komai a daren jiya, kwalba ta farko da ta uku. Ita Umma tana son Safiyo kamar ita ta haife shi, kuma tun da ta tura hoton nan ba ta yafe wa kanta ba.

"Ki saurare ni," ta ce da murya ƙasa-ƙasa. "Ki yi musu maganar allurar nan, ki tsaya a nan. Ai ba ƙarya ba ce."

"Ba ƙarya ba ce, Umma."

"To! Takarda ɗaya Yaya ta gani. Wa ya san da ta biyu? Ki rufe bakinki a wuce wurin, in an yi auren kowa ya ji da kansa."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Na tsaya da butar shayi a hannu ina jin daɗinta. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, lissafi ne na gaskiya, Likita ma ya ce zai ba ni maki. Gwaggo za ta yi shiru, Baba zai koma shago, ni kuma in ci gaba da zaɓen labule.

Baba yana zaune a kujerarsa cikin farar riga mai tabon mai a bakin aljihu. Gyaran sikeli ne sana'arsa, tun daga na masu gwal har na masu buhu, kuma ko a gida ba ka raba hannunsa da ɗan sukundireba. Gwaggo ta sha mur a doguwar kujera, wayarta a cinya.

"Uwata," in ji Baba, don haka yake kirana, "ke ce mai karatun abin. Yaya ta ce taurari uku. Faɗa mana."

Na ajiye tire na zauna a kan kafet. Na yi musu bayanin allura da jini da kwalbar farko, na cire huɗu daga tara a gabansu. Na ga kafaɗun Baba sun sauka. Gwaggo ta ƙara wa hoton girma, ta nemo ƙananan rubutun nan, ta karanta da leɓɓanta.

"Kwalba ta ɗaya," ta ce a hankali. "To. In haka ne..."

Umma ta sauke ajiyar zuciya daga bakin labule. Ƙofa ta buɗe min wangale, ba abin da ya rage sai in miƙa wa kowa shayinsa.

Sai na tuna Doguwa, da yadda na ba ta baya awa guda don kada son zuciyata ya shiga lambar nan. In ban yarda idona ya taɓa ta a lab ba, don me zan bar bakina ya taɓa ta a falo?

"Akwai ta uku," na ce.

Umma ta dafe ƙirji.

"An ƙirga kwalba ta uku, wadda ba jini a ciki. An samu shida. Iyaka biyar ce."

Gwaggo ta tafa hannu.

"Ka ji ko! Ka ji da kunnenka!"

"Dakata, Yaya." Baba ya juyo gare ni. "Shida ciwo ne?"

"Ban sani ba, Baba. Likita ma bai sani ba tukuna."

"Lafiya ce?"

"Ita ma ba zan ce ba. Takardar ba ta ce ba."

Ya juya sukundirebansa sau biyu. "Idan aka kawo min sikeli allurarsa ta ɗan gota da gashi ɗaya, ba na cewa ya lalace, ba na kuma mayar wa mai shi. Ajiye shi nake in ɗora masa dutse yau, in ɗora gobe. Haka ne?"

"Haka ne, Baba. Za a yi hoto, a riƙa duba shi. Wataƙila sai bayan sati shida a san wani abu, wataƙila ma a wuce haka."

"Mutum ba sikeli ba ne!" Gwaggo ta cire tabarau, sai na ga idonta ya kaɗa. "Ku kuna maganar lamba. Ni shekara tara ina juya namiji a kan gado. Ni na san nauyin ƙafar da ba ta jin mai ita. Yarinyar nan ba ta san komai ba, takarda kawai ta sani."

Na manta ban gaya muku ba, marigayi mijin Gwaggo ya daɗe a kwance kafin ya rasu. Ina ƙarama lokacin, abin da nake tunawa kawai warin man zafi a ɗakinta da tafin hannunta mai kaushi. Duk haushinta da na kwana biyu ina ji sai ya zube.

"Gaskiya ne, Gwaggo, ban sani ba," na ce. "Amma na san abu ɗaya. Da na yi shiru yanzu da kin yarda, kuma da auren nan ya tsaya a kan rabin takarda. Ni ba na sa hannu a rabin sakamako a wurin aiki, ba zan fara a kan aurena ba. Ga shi nan duka na ajiye muku. Ina son sa a biyar, ina son sa a shida. In ta zama hamsin, gara a ce ni ce a gefensa nake karanta masa takardar."

Ni kaina ban san ina da wannan bakin ba. Faɗin "ina son sa" a gaban Baba! Kunya ta zo daga baya ta rufe ni, na sunkuyar da kai ina wasa da gefen kafet.

Ana haka aka yi sallama a ƙofa. Muryarsa ce. Ban gaya masa ranar zaman ba, wallahi ban gaya masa ba. Ya cire takalmansa ya shigo, riga ruwan toka an goge ta har tana ɗaukar ido, ambulan a hannu. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Gwaggo, ya gaida Umma, ni ko kallo ban samu ba.

"Baba, ku gafarce ni na zo ba sanarwa. Takarda ɗaya na turo wa Umma, ashe biyu ne. Ta farkon tana da bayani mai daɗi, ita ma ta san shi." Ya nuna ni da kai. "Amma akwai ta biyu, kuma bai kamata ku yanke magana ba ku gan ta ba. Duk abin da kuka yanke bayan nan, na karɓa."

Ya miƙa ambulan da hannu biyu. Baba bai karɓa ba.

"Shida," in ji Baba.

Safiyo ya ɗago a firgice. Sai a lokacin ya kalle ni. Jama'a, da ana sayar da kallon nan da ban bar wa kowa ba. Ni kuwa na ɗaga haɓa, na zuba shayi a kofi kamar ba ni ba.

Baba ya jefa sukundireba a aljihu. "Yaya, kin ji su. Kowanne ya samu hanyar ɓoye min, kowanne ya kawo min da hannunsa. Ni ban ga abin ɗagawa ba. Rana tana nan inda take. Kai kuma ka je ka yi hotonka, duk abin da aka gani a kawo nan mu gani tare."

Umma ta juya ta shige kicin, na ji tana fyace hanci. Gwaggo ta ajiye wayarta a gefe. Ta mayar da tabaranta cikin gidansa, ta ƙura wa bango ido.

Ya sha rabin shayin don kunya, ya yi godiya, ya miƙe. Na bi bayansa in raka shi, Gwaggo ma ta yafa mayafi ta ce tafiya za ta yi. A bakin ƙofa ya zura ƙafar dama a takalmi, ya zura ta hagu, yana ce min wai ashe haka nake da baki. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya taka uku a kan siminti.

Takalmin hagu yana nan a bakin ƙofa inda ya bar shi. Bai ji ba.

Na gani. Na waiga, Gwaggo ma ta gani. Ban bari fuskata ta nuna ba. Na sunkuya na ɗauki takalmin, na zagaya gabansa na ajiye.

"Safiyo, ka bar kayanka."

Ya dubi takalmin, ya dubi ƙafarsa a kan siminti, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ɗaga ƙafar zai sa, ya ɗan yi tangaɗi, na kai hannu na kama yatsunsa.

Sai na ji Gwaggo a bayana, dab da kunnena, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

"Ba a nan ake riƙewa ba, 'yar nan. Kama gwiwar hannun, ki sa kafaɗarki a ƙasa. Matso in nuna miki."